Chindo Masaƙi a Gidan Ɗansa

Ranar da aka kawo Chindo Birnin Ƙonni, kayansa duka ba su cika bayan mota ba. Buhun tufafi guda, buta, sai wani ɗaurin sanduna da ya naɗe cikin tsohon gwado. Direba ya ɗauka itacen girki ne, har ya ce a bar su, ai gidan Alhaji ba a rasa itace ba. Tsohon ya ce in za a bar su, to a bar shi tare da su. Masaƙarsa ce, a kanta ya yi furfura.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, tamanin da biyar. Matar Chindo ta rasu, rumbu ya koma wofi, 'yarsa Tsahara kuma tana fama da nata bakunan a gidan miji. Shi ya sa ɗansa Alhaji Attahiru, mai babban shagon atamfa a kasuwar Ƙonni, ya aika mota can ƙauyensu, bayan Badaguishiri, a ɗauko shi. Mutanen ƙauye suka raka motar har bakin gari, suna cewa Chindo ya haifu, wahalarsa ta ƙare.

An ba shi ɗaki kusa da zaure, da katifa da fitila. Tuwo bai taɓa yanke masa ba, haka fura, haka goro. Gara a faɗi wannan tun da wuri, don duk abin da aka yi wa Chindo a gidan nan, ba da yunwa aka yi masa shi ba.

Bai daɗe da zuwa ba ya kafa masaƙarsa ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gida. Ya ja zare mai tsawo har gindin katangar maƙwabta, ya ɗaure shi a kunkuru, allon nan da ake aza wa dutse don zare ya miƙe. Ya zauna, ƙafafu suna taka, ƙoshiya tana kai da kawowa tsakanin hannuwansa. Tsofaffin matan unguwa da ba su daina kaɗi ba suka soma kawo masa abawa a yi musu gwado. Masu wucewa kan tsaya su yi masa sannu da aiki. Unguwa ta sa masa suna Baba Masaƙi, shi kuma ya amsa.

Attahiru ɗan fari ne. Saboda haka, kamar kowane dattijon ƙauye, Chindo bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cewa ɗana a gaban mutane ba. In ta kama dole sai ya ce mai gidan nan. A ƙauye kowa ya san abin da wannan kunyar take nufi. A Ƙonni kuwa ba wanda ya san ta inda ta fito.

Wata yamma wani abokin cinikin Attahiru ya rako shi gida, ya tsaya yana kallon saƙa, ya tambaye shi inda ya samo masaƙi a wannan zamani.

Attahiru ya ce, “Tsoho ne daga garinmu. Fari ya koro shi.”

Ƙoshiya ta ɗan tsaya a hannun Chindo, sannan ta ci gaba. Ya gaya wa zuciyarsa ai ba ƙarya yaron ya yi ba. Tsoho ne shi, daga garinsu yake, fari kuma ya koro shi. Wataƙila shi ma kunyar uba ce ta hana shi ƙarasawa.

Ba ita ce ba. Lokacin da Attahiru ya nemi auren Balki, 'yar wani babban gida na Ƙonni, an tambayi asalinsa, ya ce shi ɗan Malam Ƙasimu ne. Ƙasimu sunan yankan Chindo ne, malam ɗin ne Attahiru ya ƙara da bakinsa, don ya sha jin yadda ake ba'ar masaƙa da mahauta a zauren gidan su Balki. Ƙanin ubansa ne ya zo ya karɓa masa aure, kamar yadda aka saba, ba wanda ya nemi ganin uban. Daga baya Attahiru ya daina ambaton Malam Ƙasimu. Bai taɓa cewa ya mutu ba, bai kuma taɓa cewa yana da rai ba.

Balki ta sani. Ya gaya mata ranar da za a ɗauko tsohon. Ta yi kuka, ta ce in danginta suka ji za su ce an yi musu rufa-ido, ita kuma za ta zama abin nuni a biki da suna. Suka shirya a kan a bari tukuna, sai lokacin da ya dace. In ba kowa a tsakar gida, takan durƙusa har ƙasa ta gaida Chindo, ta ce masa Baba. In 'yan uwanta sun zo, sai ta wuce shi a tsaye da “sannu, tsoho.”

Wata safiya direba ya yi baya da mota ya taka zaren, ya tsinke. Laifin direba ne, amma masaƙa aka tayar. Attahiru ya zo ya tsuguna gaban ubansa, ya ce bakin titi bai dace da mai shekaru ba, ga motoci, ga rana, ga yara masu ƙiriniya. Cikin gida ya fi rufin asiri. Aka mai da masaƙar bayan ɗakin girki, kusa da turken raguna. Wurin ƙunci ne, zare ba ya samun tsawon miƙewa, kafin ya saƙa abin kirki sai ya tashi ya gyara kunkuru. Gidan Alhaji kuma ba gidan da ake faɗawa haka nan ba ne. Tsofaffin matan suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka ga ana kallon ƙafafunsu a kan siminti, suka daina zuwa.

Ranar Juma'a Chindo kan sa rigar shaddar da aka ɗinka masa, ya tsaya kusa da mota. Yau a ce motar ta cika da baƙi, wani mako a ce Alhaji daga shago zai wuce. Da ya gane, sai ya riƙa fita da wuri da ƙafa. Yakan samu wuri can baya wajen takalma, yana hango hular ɗansa a sahun gaba. In an fito suka haɗu a ƙofa, Attahiru ya miƙo masa hannu biyu, ya rusuna, daidai yadda yake gaida kowane tsoho a garin. Ba wanda zai ce ya yi rashin ladabi.

Akwai 'yan mata biyu a gidan, jikokinsa, masu zuwa lakwal, makarantar boko. Ba a gaya musu ba. Baba Masaƙi suke ce masa, yadda suka ji unguwa na faɗi. Wata rana babbar ta zo wucewa da sabon ɗinki, abin ya ciyo shi, ya yi mata wasan kaka da jika, ya ce amaryata yau ina za ki ba ki ba ni fura ba. Yarinyar ta ruga ta gaya wa uwarta tsohon nan ya ce mata amarya. Balki ta zo da kanta, murya ƙasa-ƙasa, ta ce don Allah Baba ya yi haƙuri ya bar wasan nan, yara ba su da ciki, duk abin da suka ji sai sun kai lakwal. Chindo ya ce ta yi gaskiya, ba zai ƙara ba. Bayan ta tafi ya daɗe zaune bai ɗauki ƙoshiya ba. Abin da ya fi damunsa shi ne shi ya ji kunya, kamar wanda aka kama da hannu cikin ƙwaryar wani.

Da cikin Balki ya fito, sai ya samu abin da zai sa a gaba. Ya ce zai saƙa majanyin goyo. Ya nemi a samo masa abawa, Attahiru ya ce gobe, goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Daga baya ya ce masa mi za a yi da wahala, ga shago cike da kaya har rufi. Chindo ya taka da kansa har tasha, ya ba wani direban Badaguishiri saƙo. Tsahara ta kaɗa zaren da hannunta, ta kai aka rina rabi baƙi, ta aiko. Ya saƙa shi a hankali, fari da baƙi, yana korar raguna da ƙafa don kada su tauna masa zare. Idonsa ya rage gani, saboda haka duk inda zare ya tsinke da yatsu yake lalubensa.

Allah ya taimake shi ya gama kafin a zo da siminti. Ciniki ya buɗe wa Attahiru, kaya na shigowa daga Kwatano suna ƙetarawa Nijeriya, shago ya kasa ɗauka. Ya ce zai gina mangaza, ɗakin ajiyar kaya, a bayan ɗakin girki. Ba wani fili a gidan sai inda masaƙa take. Na ɗan lokaci ne, in ji shi, da an gama gini za a nemi wani wuri. Magina suka kwance sandunan, suka ɗaure, suka jefa kan rufin rumfar raguna. Aka gama gini, aka sa ƙofar ƙarfe, ba a sake tada maganar ba. Da Chindo ya tuna masa, Attahiru ya ce ai likita ma ya ce yawan zama a masaƙa shi ke kawo ciwon baya. Ya huta mana. Mutum ya yi ta aiki tun yana yaro, in ya samu mai ɗauke masa ai sai godiya.

Chindo ya huta. Ya wuni zaune bakin ɗakinsa, hannuwa bisa gwiwa. Wani lokaci ƙafafunsa kan riƙa takawa da kansu, dama, hagu, sai ya lura ya danne su. Ƙafafun suka soma kumburi. Tuwo kan koma kamar yadda aka kawo shi, an ɗan taɓa gefe. Balki ta ce wa mijinta tsufa ne, Attahiru ya ce tsufa ne, ya sayo magani.

Balki ta haifi namiji. Kwana biyu da haihuwa Chindo ya naɗe majanyin, ya tsaya ƙofar ɗakinta ya yi sallama. Ta karɓa da hannu biyu. Ta warware shi a cinyarta, ta daɗe tana shafawa, har ta ce irinsa kakarta ta goya uwarta da shi. Ba a jima ba ƙannenta suka shigo da akwatin kayan jariri daga Sakkwato. Ɗaya ta ɗaga majanyin da yatsu biyu, ta tambaya daga wane rami aka tono wannan. Suka yi dariya, Balki ta taya su. Kafin ranar suna Chindo ya gan shi a kan mai kawo ruwa, an naɗe shi an yi gammo.

Ana jibi suna Tsahara ta iso, da ƙwaryar fura da 'yan kaji biyu a kwando. Ta iske ubanta ya rame, wuya ya fito, ƙafafu kamar turmi. Ta tambayi masaƙa, ya nuna mata rufin rumfa da haɓa. Ba ta gama haɗiye wannan ba ta shiga wajen mata yin barka, ta ji Balki na gaya wa baƙi cewa wannan ɗiyar tsohon nan ce na zaure, ta zo duba shi. Matan suka yi mata sannu da hanya, suka matsa mata wuri bakin ƙofa.

Da la'asar ta iske wanta shi kaɗai a falo. Ba ta zauna ba. Ta tambaye shi ko su wane ne su a gidan nan, ita da Baba.

Attahiru ya tashi ya tura ƙofa. Ya tambaye ta mi tsohon ya rasa, ci ko sha ko sutura. Ya ce ita ba ta san birni ba, a nan suna shi ne jari. Motocin da ke ɗauko masa kaya na dangin Balki ne, manyan da ke yarda da shi don gidan su Balki suke yarda da shi. In wannan ya rushe, wa zai riƙe Baba, wa zai riƙa aika mata hatsi? Ya ce shi ma abin na cinsa, ba ya barci. Ta bari a gama suna, zai samu surukinsa su zauna. Ya ma riga ya yanke shawara, sunan Baba zai sa wa yaron, Ƙasimu.

Tsahara ta ce, “Wato sunan za ka ɗauka, ka bar mai sunan bakin zaure.”

Ya ce ta riƙa sanin abin da take faɗi, shi ba sa'anta ba ne.

Ta koma wajen ubanta, ta ce ranar suna a tsakiyar mata za ta tsaya ta faɗi ko ɗiyar wa ce ita, ko ƙanwar wa ce. Chindo ya bari ta gama. Ya ce in ta yi haka bai yafe mata ba. Shi ya haifi Attahiru, ba zai zama shi ne sanadin da za a nuna shi da baki a kasuwa ba. Wanda ya kware wa ɗansa zane, nasa ya kware. Ya ce yaron zai faɗi da kansa, lokaci yake jira. Dole ta yi masa alkawarin riƙe bakinta.

Ranar suna aka shimfiɗa tabarmi da darduma a ƙofar gida tun da sassafe. Manyan 'yan kasuwa suka zo, da mutanen buro, wato ma'aikatan ofis, da dangin Balki na Ƙonni da na Tawa. Chindo ya lallaɓo da sanda ya zauna can gefe, inda aka tara takalma. Liman ya yi addu'a, ya ce an samu Ƙasimu. Maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita. Chindo ya sunkuyar da kai. Rabon da ya ji an kira wannan sunan a gaban jama'a tun ranar ɗaurin aurensa.

Cikin baƙin akwai Alhaji Mas'udu, wan mahaifin Balki, tsohon falken shanu da ke zaune a Tawa. Shi ne babban gidansu, in ya yi magana ba a ƙarawa. Ana rabon goro, Chindo ya miƙo hannu zai karɓa, sai idon Mas'udu ya sauka a kan ɗan ƙaramin yatsa na shida da ke gefen hannun.

Ya ce, “Hannun ga na san shi. Ba Chindo ba ne, masaƙin kasuwar Badaguishiri?”

Chindo ya ce shi ne. Mas'udu ya yi murna ƙwarai, ya sa aka matso da shi kusa, kan darduma. Ya gaya wa jama'a shekara da shekaru in ya je sayen shanu wajen mutumin nan yake sayen luru, har yanzu akwai guda a ɗakinsa da yake rufa da shi lokacin sanyi. Sannan ya tambaye shi abin da ya kawo shi Ƙonni, har gidan surukinsu.

Chindo ya ɗaga kai ya dubi Attahiru. Bai taɓa dubansa haka a gaban mutane ba. Attahiru yana zaune kusa da liman cikin farar shadda, idonsa a kan tasbaharsa, yana ja.

Chindo ya ce, “Fari ya koro ni, Alhaji. Mai gidan ga ya riƙe ni don Allah.”

Mas'udu ya ce madalla, ya ce wa ƙaninsa lalle sun yi dacen suruki. Wanda ya riƙe bare haka, ina ga nasa. Jama'a suka yi ta sa albarka. Ya juya wajen Attahiru ya tambaye shi sunan wa yaro ya ci. Attahiru ya ce sunan mahaifinsa.

Mas'udu ya ce, “Malam Ƙasimu. Ban taɓa samun ganinai ba. Shina da rai dai?”

Attahiru ya buɗe baki. Ya dubi surukinsa, ya dubi liman, ya dubi mutanen buro, bai dubi dardumar da ubansa ke zaune a kai ba. Bakin ya rufe ba abin da ya fito. Mas'udu ya ɗauka ya taɓo masa wani tsohon ciwo ne, sai ya juya wajen Chindo, ya ce ai kai ɗan garinsu ne, Malam Ƙasimu na nan?

Chindo ya ƙara jira kaɗan. Har liman ya ɗago ya dube shi.

Ya ce, “Ya rasu.”

Mas'udu ya yi salati, ya tambaya yaushe.

“Shekarar da na zo garin ga.”

Mas'udu ya ce ashe abin bai daɗe ba, kuma ba a sanar da su ba, wannan zurfin ciki na Attahiru ya yi yawa. Ya roƙi liman a yi wa mamaci addu'a, tunda ga mai sunansa ya zo. Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Aka roƙa wa Malam Ƙasimu gafara, a yalwata kabarinsa, a sa ya huta. Chindo ya ɗaga hannuwansa tare da kowa, ya ce amin, ya shafa. Attahiru ma ya shafa. A bayan ƙofar zaure Tsahara ta cusa bakin mayafinta cikin baki, ta zame ta zauna a ƙasa.

Da rana ta yi, baƙi sun ragu, Attahiru ya ɗauko kwanon naman suna da kansa ya kai ɗakin tsohon. Ya tsuguna bakin ƙofa. Ya ce Baba.

Chindo ya ce, “Alhaji, sannu da hidima.”

Bai taɓa ce masa Alhaji ba. Haka masu neman taimako ke ce masa a ƙofar shago. Attahiru ya ajiye kwanon, ya ce da Baba ya ƙara haƙuri kaɗan, da ya yi magana, maganar tana bakinsa.

Chindo ya ce, “Na jira ka. Na ga kayan sun yi maka nauyi, na kama maka.”

Ya ce a kai wa Tsahara naman, shi haƙoransa ba su iyawa.

Tsahara ta yi roƙon duniya ya bi ta su koma gida, ko kunu ne su sha tare. Ya ƙi. Ya ce da wane ido zai shiga garin? In an tambaye shi abin da ya dawo da shi daga gidan daɗi, mi zai ce? Ko ya yi ƙarya, ko ya faɗi gaskiya, duka biyu ba ya iyawa. Ta tafi tana kuka, don damina ta kawo kai, ga gona ga yara.

Bayan wannan Attahiru ya shiga rawar jiki a kan tsohon. Ya sa aka sauko da sandunan daga rufin rumfa, ya ce a kafa duk inda Baba yake so, ko ƙofar gida ne. Da aka kwance ɗaurin, gara ta riga ta gama da su, ana taɓawa suna zuba. Ya ce zai sa masassaƙi ya yi sababbi. Chindo ya ce a bar shi, ba abin da ya rage masa da zai saƙa. Maganar zama da suruki kuwa, Attahiru ya samu sabon dalili. Ya ce wa Balki yanzu in ya faɗi gaskiya, ba kansa kaɗai zai ƙaryata ba, Baba zai mayar maƙaryaci a gaban manyan gari, shi kuwa ba zai iya yi wa ubansa haka ba. Balki ta ce wannan gaskiya ne. Dukansu biyu suka ji sanyi da wannan dalili.

Chindo ya daina zuwa masallacin Juma'a, daga baya ya daina fitowa bakin ɗaki. In an shigo da jaririn wucewa, yakan bi shi da ido har a shige. Ba a taɓa aza masa shi a cinya ba, shi kuma bai roƙa ba. Da sanyi ya shigo, wata safiya aka kai masa kunu aka iske ya cika, fuska wajen bango.

Ba a ɓata lokaci ba. Maƙwabta suka taru, da yaran shago, sahu biyu ba su cika ba. Liman ya tambaya ko akwai danginsa a kusa. Attahiru ya ce akwai ɗiyarsa a ƙauye, an aika mata. Liman ya ce to, tunda a hannunka yake, kai ne mai ba da izini. Aka sallace shi, aka kai shi. A hanyar dawowa mutane suka riƙa kama hannun Attahiru, ba gaisuwar mutuwa suke masa ba, barka suke masa da samun lada. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba, don ba a zaman makoki saboda baƙo, kuma shi Attahiru, ubansa an riga an yi masa addu'a tun ranar suna. Washegari motar kaya ta iso daga Kwatano, aka buɗe shago.

Irin wannan ba a kai shi gaban alƙali. Ba a doki kowa ba, ba a kori kowa ba, ba a hana kowa abinci ba. In ka bi gidajen siminti na garuruwanmu za ka iske ɗakuna irin na Chindo kusa da zaure, da tsoho a ciki, ƙoshe, sanye da shadda, ba wanda ya san ko uban wa ne. Sana'ar da ta ciyar da ɗa har ya zama mutum, ita ce abin da ɗan ke ɓoyewa kamar kuturta. Kuma ba ƙarfin ɗan ke riƙe asirin ba, haƙurin uban ne.

Tsahara ta iso kwana biyu bayan an rufe shi, don saƙon bai same ta da wuri ba. Aka nuna mata ɗakin, an share, an naɗe katifa. Ta zauna a tsakar gida, matan unguwa suka shigo yi mata gaisuwa, har da tsofaffin nan masu kaɗi. Kowace ta yi mata ta'aziyya sai ta ƙara da cewa ta gode wa Alhaji, don abin da ya yi wa tsohonta ko ɗan cikinsa sai haka.

Ana cikin haka Attahiru ya dawo daga kasuwa, tare da surukinsa da wasu abokai biyu da suka tsaya a zaure. Wata tsohuwa ta taɓa Tsahara, ta ce ga shi nan, tashi ki yi godiya. Balki ta fito bakin ɗakinta da jaririn a kafaɗa, ta tsaya cak.

Tsahara ta tashi. Ta je har gabansa ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Attahiru ya ja baya kaɗan. Ya san alkawarin da ta yi wa tsohon, bai san ko mutuwa ta warware shi ba.

Ba ta ɗaga murya ba, amma har zaure an ji ta.

“Alhaji, na zo godiya. Abin da ka yi wa ubana, ni ba ni da bakin biyanka. Allah ya raya maka Ƙasimu, ya yi maka daidai abin da ka yi wa ubana.”

Matan suka ce amin. Daga zaure surukinsa ya ce amin, ya ƙara da cewa yarinyar nan ta san ya kamata. Balki kuwa ta ƙanƙame yaron ta koma ɗaki.

Tsahara ba ta tashi ba. Tana durƙushe, ta ɗago kai tana dubansa, matan ma suna dubansa, don ba a yi wa mutum addu'a irin wannan ya yi shiru.

Attahiru ya ɗaga hannuwansa, ya kai su fuska.

Ya ce, “Amin.”